Mai Shara da Sarƙar Sarauniya: Sharhi Kan Kashin Farko na Shirin Lupin

Na san za a sami waɗanda za su ce, wai shin me ya haɗa mujallar ɗaliban Hausa da fim ɗin Faransawa, fim ɗin ma na ɓarayi? To, ina roƙon a yi mini uzuri a karanta zuwa ƙarshe, domin malamanmu sun koya mana cewa duk inda aka sami labari, akwai jigo, akwai zubi da tsari, akwai salo, kuma wanda ya iya feɗe littafin Hausa bai kamata majigin wasu ya gagare shi ba.

Dalilin da ya sa na kalli wannan shiri shi ne wani labari da ya cika duniya ranar Lahadi, 19 ga Oktoba, 2025. A ranar ce wasu mutum huɗu suka je babban gidan tarihin nan na birnin Faris da ake kira Louvre, da hantsi, mintuna talatin kacal bayan an buɗe wa masu ziyara ƙofa. Suka ajiye mota mai tsanin ɗaga kaya a gindin bango, biyu daga cikinsu suka hau sanye da riguna masu ƙyalli irin na leburori, suka yanke taga, suka kwashe kayan ado guda 8 na tsofaffin sarakunan Faransa, waɗanda aka ƙiyasta kuɗinsu a kan Yuro miliyan 88, suka hau babura suka yi gaba. Duka-duka abin bai kai minti takwas ba. Muna cikin taɗin wannan al'amari a ɗakin kwananmu sai wani abokin karatuna ya ce, “Ai wannan Lupin suka kalla.” Na ce waye kuma Lupin? Nan fa aka yi mini ca, aka ce na cika baƙauye. A daren nan aka kunna mini kashin farko a kwamfuta, kuma daga ranar zuwa yau na maimaita shi sau uku.

Ga wanda bai sani ba, Lupin shiri ne mai dogon zango da kamfanin Netflix ya fara saki ranar 8 ga Janairu, 2021, cikin harshen Faransanci. George Kay da François Uzan ne suka ƙirƙiro shi, Louis Leterrier kuma ya ba da umarnin wannan kashi na farko da nake magana a kai. Tauraron shirin shi ne Omar Sy, wanda ya fito a matsayin Assane Diop, ɗan wani baƙo daga ƙasar Sanagal mai suna Babakar. Mai karatu zai lura cewa sunayen nan namu ne, bakin wasu ne kawai ya lanƙwasa su: Assane dai Alhassan ne, Babakar kuwa Abubakar. Kamfanin ya ce gidaje miliyan 76 ne suka kalli shirin cikin kwana 28 na farkon fitowarsa, abin da ba kasafai shirin da ba na Ingilishi ba yake samu ba.

Zan faɗi yadda labarin ya kaya, saboda haka wanda bai kalla ba kuma ba ya son a ɓata masa, ya ajiye mujallar tukuna.

An buɗe shirin da Assane cikin ayarin masu shara da goge-goge da ke shiga Louvre da dare bayan baƙi sun watse. Yana tura kekensa na shara, yana satar kallon wata sarƙar wuya ta lu'ulu'u da aka ce ta Sarauniya Marie-Antoinette ce, wadda iyalin wani attajiri, Hubert Pellegrini, za su yi gwanjonta. Daga nan sai muka gan shi a hannun wasu 'yan daba uku masu ba da bashi da ruwa, suna neman jefo shi daga saman bene saboda ya kasa biya. Sai ya ce su dakata, yana da hanyar da za su yi kuɗin da ba su taɓa mafarki ba. Su za su shiga a matsayin masu shara, su sumar da masu gadi su sa kayansu, shi kuma zai sa kwat ya shiga zauren gwanjo a matsayin hamshaƙin mai kuɗi, ya taya sarƙar har ta faɗo hannunsa. Da an kai shi ɗakin baya don ya ga kayansa, sai su faɗo su ƙwace.

Haka kuwa aka yi, sai dai ba yadda aka tsara ba. Assane, da sunan Paul Sernine, ya taya sarƙar Yuro miliyan 60. Abokan nasa suka shigo, suka ci amanarsa, suka doke shi, suka gudu da sarƙa. Ba su yi nisa ba direbansu ya kasa sarrafa jar motar tsere da suka shiga, ta afka cikin rufin gilashi, 'yan sanda suka tsince su kamar kaji. Sai a ƙarshe aka nuna mana cewa duk wannan yana cikin lissafin Assane. A cikin kokawar da aka yi ya musanya sarƙar da ta jabu, wadda abokinsa Benjamin mai sana'ar kayan ado ya ƙera masa, ya jefa ta gaskiyar cikin kwandon shara. Bayan 'yan sanda sun gama yi masa tambayoyi a matsayin wanda aka zalunta, ya tuɓe kwat, ya mayar da kayan aikinsa, ya kwashe shararsa ya fice ta gaban masu gadi, waɗanda ƙyamar ƙazantar da ke cikin leda ta hana su tona ta.

A tsakanin wannan duka ana ta waiwaye zuwa shekarar 1995, lokacin Assane yana ɗan shekara 14. Mahaifinsa direba ne a gidan Pellegrini. Wata rana sarƙar nan ta ɓace daga akwatin ƙarfe na maigida, aka ce Babakar ne, aka ɗaure shi, daga baya aka tsinci gawarsa a rataye a kurkuku. Abin da ya bar wa ɗansa shi ne littafi guda, na labaran Arsène Lupin, ɓarawon nan mai ladabi da marubuci Maurice Leblanc ya ƙago a shekarar 1905. Ashe satar da muka kalla ramuwar gayya ce da aka yi shekara 25 ana dafawa.

To, abin da ya ɗaure ni a wannan kashi shi ne makamin da aka yi satar da shi. Mun saba a finafinan fashi na Amurka a tara gwanaye: wannan ya iya fasa akwatin ƙarfe, wancan ya iya kutse cikin kwamfuta, wani kuma ya iya bin igiya kamar biri. Assane ba ya buƙatar ko ɗaya. Jarinsa shi ne rainin da manya suke yi wa na ƙasa da su. Ya gaya wa 'yan dabar nan ƙarara cewa ana ganin mai shara amma ba a kallonsa, kuma duk shirin a kan wannan magana guda aka gina shi. Mai gadin da zai tsaya ya caje jakar baƙo ciki da bai, ba zai ɗaga kai ya dubi fuskar wanda ke wuce shi kullum da bokiti ba. Hausawa suka ce raina kama ka ga gayya, kuma ban taɓa ganin an mayar da karin maganar nan hoto mai motsi kamar yadda aka yi a nan ba.

Wani abin burgewa kuma, rainin nan kala biyu ne, kuma Assane ya ci moriyar kowanne. Idan ya sa kayan shara, ba a ganinsa sam. Idan ya sa kwat ya zauna cikin Turawa masu kuɗi, sai a yi ta kallonsa, amma baƙar fatarsa kawai ake gani, ba a ganin mutumin. Akwai wurin da mai gudanar da gwanjon, bayan an leƙa intanet an ga shafin ƙarya da Assane ya shirya wa kansa na cewa shi attajiri ne, ya ce masa bai zaci mai sayen zai zama irinsa ba. Assane ya tambaye shi, iri na kamar yaya? Sai mutumin ya daburce ya ce yana nufin mai ƙuruciya haka. Dariya na yi a wurin, amma dariyar da ta fi kuka ciwo, domin kunyar da ta kama Baturen nan ita ce ta hana shi ƙara bincike. Ya ji tsoron kada a ce yana da wariyar launi, sai ya buɗe ƙofa.

Wurin da ya fi taɓa ni kuwa yana cikin waiwaye. Ana tsuga ruwan sama, motar matar Pellegrini ta ƙi tashi a bakin titi. Babakar da ɗansa suna wucewa, ya matso don ya taimaka. Da ta hango baƙin mutum ya nufo ta, sai ta yi maza ta danna makullin ƙofa. Sai da ya yi mata bayani cewa shi ne sabon direban mijinta sannan ta saki jiki. Ka ji fa, mutumin da ke cin abinci a ƙarƙashin rufinta, ba ta shaida fuskarsa ba. Yaron yana tsaye yana kallo. Ba a yi wani dogon jawabi ba, ƙarar makullin nan kaɗai ta isa. A nan ne, a ganina, aka haifi ɓarawon da muka gani a Louvre, tun kafin a ba shi littafi.

Mu da muke karatu a nan kudu ba sai an yi mana fassarar wannan ba. Kowannenmu ya san yadda ake kiran mai gadi, da mai wankin takalmi, da mai tura ruwa, da mai sayar da tsire, da suna guda: “aboki”. Kalma ce mai daɗi a harshenmu, amma a bakin wasu ta zama hanyar kauce wa tambayar sunan mutum. Na taɓa tsayawa a ƙofar wani ofis sanye da kaftani da hula ina jiran a sa mini hannu a takarda, wata mata ta fito ta miƙo mini makullin motarta ta ce in matsar mata da ita, ko fuskata ba ta duba ba. Da ni Assane ne, da tuni mota ta yi kudu. Amma kada mu yi saurin ɗora wa wasu, laifi tudu ne. Mu nawa ne a cikinmu suka san sunan matar da ke share barandar sashenmu kowace safiya kafin mu shigo lacca? “Mama” muke ce mata, kamar yadda ake ce mana “aboki”.

Shi kansa Omar Sy bai shigo wannan rawa da ka ba. An haife shi a 1978 a Trappes, wata unguwar talakawa a gefen Faris. Mahaifinsa ɗan Sanagal ne ma'aikacin masana'anta, mahaifiyarsa 'yar Muritaniya, kuma aikin shara da goge-goge ta yi. A 2012 ya zama baƙar fata na farko da ya ci kyautar César ta gwarzon ɗan wasa, saboda rawar da ya taka a fim ɗin Intouchables. Lokacin tallar Lupin, ya sa kayan ma'aikata da takunkumi ya shiga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Faris yana liƙa hoton kansa a bango, jama'a suna ta wuce shi ba su gane shi ba. Mutum ne dogo, ƙaƙƙarfa, mai murmushin da ke sa ka yarda da shi ko ba ka so. Ka lura da kafaɗunsa: idan yana tura keken shara sai su rusuna, idonsa a ƙasa, idan ya sa kwat sai ya cika ɗaki. Ba gemun roba, ba hular gashi. Da tafiya da tsayuwa kawai yake sauya kama, kuma wannan ya fi mini duk wata kwalliya.

Mai karatu zai iya cewa ai wannan duk shirin fim ne, a zahiri ba a shiga irin wannan wuri da tsintsiya a fito da dukiya. To, tarihin Louvre ɗin kansa ya ƙaryata mai wannan magana. Ranar 21 ga Agusta, 1911, wani ɗan Italiya mai suna Vincenzo Peruggia, wanda ya taɓa yin aiki a gidan, ya sa farar rigar ma'aikata ya sauke zanen Mona Lisa daga bango ya fita da shi. Sai a Disambar 1913 aka kama shi a birnin Florence yana neman mai saye. Ɓarayin 2025 ma rigar leburori suka sa, suka yi aikinsu da rana tsaka a bakin titin da motoci ke wucewa, domin wa zai tsaya tambayar lebura abin da yake yi a kan tsani? Shekara 114 tsakani, dabara ɗaya. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.

Game da ita sarƙar, akwai gyara da ya kamata ɗalibi ya sani. Shirin ya nuna ta a matsayin kayan Marie-Antoinette, alhali a tarihi sarauniyar ba ta taɓa mallakarta ba. Maƙeran ado biyu, Boehmer da Bassenge, su suka haɗa ta da lu'ulu'u 647, da nufin Sarki Louis na 15 ya saya wa farkarsa Madame du Barry, sai ya mutu kafin a yi ciniki. A 1785 wata 'yar damfara, Jeanne de la Motte, ta yaudari wani babban limamin coci, Kadinal de Rohan, cewa sarauniya tana son sarƙar a asirce. Ya tsaya mata aka karɓo, aka wargaza ta aka sayar da duwatsun, akasari a Landan. Sarauniya ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, amma sunanta ya ɓaci a idon talakawa, shekara huɗu kafin juyin juya halin 1789. Wato tun asali sarƙar nan tarihinta na ɗora wa wanda bai ci ba laifi ne. Leblanc ya ɗauki wannan ya rubuta gajeren labari mai suna Sarƙar Sarauniya, inda Lupin yana yaro ɗan shekara shida, mai suna Raoul, ya sace ta daga gidan masu kuɗin da suka mayar da mahaifiyarsa 'yar aiki. Marubutan shirin sun juya labarin: uwa ta koma uba, sunan Raoul kuma aka ba ɗan Assane, wanda a ƙarshen kashin uban ya miƙa masa littafin nan da ya gada. Irin wannan saƙa tana nuna an yi karatu kafin a ɗauki alƙalami.

Haka nan wasan da aka yi da sunaye. Ɗauki biro ka rubuta Paul Sernine, sannan ka rubuta Luis Perenna, sunan da Assane ya yi aikin shara da shi. Ka juya haruffan kowanne, za su ba ka Arsène Lupin, harafi 11 cif, kuma duka biyun daga littattafan Leblanc aka ɗauko su. Wani ƙaramin jami'in bincike, Youssef Guedira, shi kaɗai ya gano haka saboda shi ma masoyin littattafan ne, amma shugabansa ya yi watsi da maganarsa. Ka ga an sake maimaita jigon: wanda ya san gaskiya shi ne wanda ba a saurara. Na yi ta tunanin yadda masu fassara finafinai zuwa Hausa za su yi da wannan wuri, domin abu ne na ido, ba na kunne ba. Wannan aiki ne da ya dace wani cikinmu ya ɗauka a kundin digirinsa.

Ta fuskar zubi, dabarar waiwaye ta yi aiki, ko da yake ta saba ce. Ana ɓoye maka abu uku ko huɗu, sai a ƙarshe a dawo da kai baya a nuna maka abin da ya wuce ta gabanka ba ka lura ba. Leterrier ya saba da wannan tun a fim ɗinsa na masu rufa-ido, Now You See Me, na 2013. Amma a nan dabarar tana da ƙarin ma'ana, domin kai ma mai kallo an kama ka da laifin da aka kama masu gadi: ka ga kwandon shara ba ka kalle shi ba.

Yanzu bari in juyo ga inda nake da ja. Ƙananan kurakuran ba zan daɗe a kansu ba. Pellegrini mugu ne tun daga hula har takalmi, babu ko ɗigon alheri da zai sa ka yi shakka, kuma irin wannan tauraro ba ya wahalar da marubuci. 'Yan sandan, ban da Guedira, kamar an ɗaure musu ido. Shirin Assane ya dogara da sa'a fiye da kima: da 'yan dabar sun harbe shi maimakon duka fa? Da wani mai sharar ya riga shi kwashe kwandon fa? Waɗannan na yafe, domin wanda ya zauna kallon irin wannan shiri ya riga ya amince a ɗan yi masa wayo.

Abin da ban yafe ba shi ne wannan. Shirin ya sa mu kuka saboda an lalata rayuwar Babakar a kan ƙa'idar nan ta zalunci, cewa idan abu ya ɓace a gidan mai kuɗi, bara ne ɓarawo. Sannan ya sa mu tafa wa ɗansa, wanda ya yi sata sanye da rigar barori. To, washegari da aka gane sarƙar da ke hannu jabu ce, wa za a fara tarawa a ɗaki? Wa za a bincika gidajensu, a duba takardun zamansu, a sallama daga aiki ko da ba a same su da komai ba? Su ne matan nan da mazan nan, akasarinsu baƙi, da muka gani a minti na farko suna layi da Assane a ƙofar ma'aikata. Kashin bai tsaya ya dube su ba. Kyamara ta bi tauraro ta fita, ta bar su a ciki. Shirin da ya zo yana zargin duniya da rashin kallon mai shara, shi ma da ya gama amfani da su sai ya kau da kai.

'Yan dabar nan uku ma haka. Na yarda azzalumai ne, kuma su suka fara cin amana. Amma 'ya'yan unguwar talakawa ne irin wadda Assane ya fito, kuma tun farko ya zaɓe su ne don su zama abin jefa wa 'yan sanda. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Idan ka cire murmushin Omar Sy da kiɗan da ake sa masa, abin da ya yi musu bai yi nisa da abin da shirin ke nuna Pellegrini ya yi wa mahaifinsa ba: ka nemo wanda ba wanda zai tsaya masa, ka rataya masa kaya.

Ba don iya magana na kawo wannan ba. A zangon karatun da ya wuce, wayar wani ɗalibi ta ɓace a benenmu. Kafin azahar kowa ya yanke hukunci cewa dattijuwar da ke wanke mana banɗaki ce, saboda an gan ta ta wuce ta ƙofar ɗakin. Aka tsare ta, aka zazzage jakarta a gaban yaran da ta haifi kamarsu, goro da ɗan kwalin sallarta suka zube a ƙasa. Tana ta cewa, “'Ya'yana, ku ji tsoron Allah.” Ina tsaye a wurin, ban ce uffan ba. Bayan kwana huɗu aka gano wayar a hannun abokin mai ita, wanda ya kwana a ɗakin. Shi an sasanta da shi a cikin gida, don kada a ɓata masa karatu. Ita kuwa an riga an kai ƙararta, an mayar da ita wani ɓangare, kuma ban ji wanda ya bi ta ya ba ta haƙuri ba, har da ni. Da na kalli Lupin karo na biyu, fuskarta nake gani a cikin layin masu sharar nan, shi ya sa tafin da na yi a karon farko ya ƙi fitowa.

Wani ɗan ajinmu, mutum mai riƙo da addini, ya ce mini matsalar shirin ta fi haka sauƙi: yana koya wa yara sata, yana mayar da ɓarawo gwarzo, a bar kallonsa kawai. Na fahimci damuwarsa, kuma sata haramun ce ko an sa mata kwat. Amma ban bi shi ba. Mu da aka raina da tatsuniyar Gizo, wanda kullum cikin damfarar zaki da kura yake, ba mu tashi mun zama 'yan damfara ba. Abin da yaro ke so a wurin Gizo shi ne ganin ƙarami ya kayar da babba da wayo, kuma wannan ƙishirwa ce da ke cikin duk wanda aka taɓa takawa. Bambancin kawai, kakanninmu sun fi marubutan Lupin adalci a wuri ɗaya: sau da yawa sukan bar Gizo ya ji kunya a ƙarshe, asirinsa ya tonu, ya gudu ya maƙale a bango. Ba su ce mana shi waliyyi ne ba. Kashin farko na Lupin kuwa yana son mu ɗauki Assane a matsayin mai tsabtar hannu, kuma a nan ne ya nemi ya yi mini wayon da ban amince ba. Su ma ɓarayin 2025 ba su sha yadda Assane ya sha ba. A garin gudu suka yar da kambin Sarauniya Eugénie a titi ya lotse, kuma cikin makonnin da suka biyo baya aka kama waɗanda ake zargi. Rana dubu ta ɓarawo.

Duk da haka ina ba da shawarar a kalle shi, musamman 'yan ajin da ke ɗaukar darasin wasan kwaikwayo. Minti arba'in da 'yan kai ne, babu inda ya yi sanyi, kuma akwai abin koyo game da yadda ake gabatar da tauraro ta hanyar aikinsa ba tare da wani ya tsaya yana ba da tarihinsa ba. Marubutan finafinanmu da ke sa mutum biyu su zauna a falo su yi minti goma suna bayyana abin da ya faru shekara ashirin baya, su dubi wurin makullin motar nan su ga yadda daƙiƙa biyar ke ɗaukar nauyin shafi biyar. A kalle shi da Faransancinsa, a bi fassarar da ke ƙasa, domin muryar da aka ɗora ta Ingilishi ta kashe rabin wasan Omar Sy.

An ce mini a kashi na biyu Assane da ƙafarsa yake shiga kurkuku, ta hanyar musanya kansa da wani fursuna, don neman wanda ya san abin da ya faru da mahaifinsa. Abokin nawa mai kwamfuta ya yi alkawarin za mu kalla bayan jarrabawa, in an kawo wuta. Idan edita ya sake ba ni fili a fitowa ta gaba, zan gaya muku ko an waiwayi masu sharar.